Waɗanda Ba Su Da Kabari



Akwai wata tambaya da ta ke damun masu bi da yawa a ƙasar Birnin Gwari, ko da ya ke ba kowa ke iya furta ta a gaban jama'a ba. Tun muna yara aka koya mana matattu za su tashi. Maganar tana da sauƙin karɓa sa'ad da mutum ya mutu bisa tabarmarsa, aka yi masa sutura, aka raka shi makwancinsa da waƙa da addu'a. To, yaya wanda aka tare a hanyar Kaduna, aka shiga daji da shi, har wa yau ba shi ba labarinsa? Matarsa ba ta ga gawa ba. 'Ya'yansa ba su da wurin da za su nuna su ce ga kabarin ubanmu. Shi ma zai tashi?

Dajin nan mun san shi. Tun 1936 aka keɓe dajin Kamuku, a 1999 kuma aka mai da shi gandun daji na ƙasa. Dā da giwa da gwanki aka san shi, da zuma da ɗorawa da kaɗanya. Daga baya ɓarayin shanu suka yi sansani a ciki, bayansu kuma masu satar mutane. Ran 5 ga Mayu 2018 suka fāɗa wa ƙauyen Gwaska, suka kashe mutum fiye da 40, har da mata da yara. Shekara da shekaru gonaki suka zama saura, gama mai fita da fartanya bai san ko zai komo gida ba. Wannan wuta ba ta zaɓi gida ba, ta ci Musulmi, ta ci Kirista, ta ci Bahaushe da Bagwari da Bafillace.

Ba mu ne farkon yin tambayar nan ba. A shekara ta 177, a birnin Liyon na ƙasar da a ke kira Faransa yanzu, aka kashe masu bi da yawa saboda sunan Kristi. Masu tsananta musu suka hana a binne su. Suka bar gawawwakin a fili kwana 6, sa'an nan suka ƙone su, suka share tokar cikin kogin Ron. Sun yi haka da gangan, domin sun ji Kirista suna sa zuciya ga tashin jiki, suka ce bari su gani ko toka za ta tashi. Masu bi da suka ragu sun yi baƙin ciki ƙwarai da rashin jana'izar, amma begensu bai raunana ba. Sun sani wanda ya yi mutum daga turɓaya tun farko ba ya bukatar a nuna masa kabari. Mu ne mu ke bukatar kabari, domin mu sami inda za mu tsaya mu yi kuka. Littafin Ru'ya ta Yohanna, sura 20, ya nuna mana ko waɗanda teku ya haɗiye za a fito da su a ranar nan. In teku bai iya riƙe su ba, ina dajin Kamuku zai iya?

Amma bisa me mu ka kafa wannan bege? Waɗansu su kan kwatanta tashin matattu da tohon da ke fitowa bayan an ƙone daji da rani. Misalin yana da daɗin ji, sai dai bai isa ba, gama saiwar ciyawar ba ta mutu ba, tana nan da ranta a ƙarƙashin toka. Matattunmu kuwa sun mutu da gaske. Begenmu yana tsaye bisa abin da ya faru a Urushalima a zamanin Bilatus Babunti. Aka gicciye Yesu ran Jumma'a, aka sa shi cikin kabarin dutse, ran Lahadi da sassafe mata suka tarar da kabarin a buɗe, ba kowa ciki. Manzo Bulus, cikin wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa, sura 15, ya lissafta waɗanda suka gan shi da rai, har da taron mutum fiye da 500, yawancinsu kuwa suna nan da rai lokacin da ya rubuta, ana iya tambayarsu. Bai ɓoye mana ba, in wannan labari ƙarya ne, to, duk addininmu aikin banza ne.

Maƙwabtanmu Musulmi su ma sun gaskata da ranar tashin ƙiyama, muna kuwa girmama su a kan haka. Abin da mu ke shaida shi ne an riga an fara. Kowane manomi ya san tumu. Ran da aka karyo tumun gero na fari aka gasa wa yara, rumbu bai cika ba tukuna, yunwar bazara ma ba ta gama sakin gida ba, amma maigida ya san kaka ta zo, gama gonar da ta ba da tumun ita ce za ta ba da damin. Haka Kristi ya ke a gare mu. Shi ne tumun, mu da matattunmu mu ne sauran gonar.

Ku lura kuma, da jiki ya tashi. Ya ci gasasshen kifi a gaban almajiransa, ya nuna wa Toma gurbin ƙusoshi. Tun da ya ke tabon bai ɓace ba, ashe abin da aka yi wa jikin mutum yana rubuce a wurin Allah. Bulalar da aka yi wa ɗan'uwanmu a sansani, da sarƙar da aka sa masa, da yunwar da ya sha, ba a manta da ko ɗaya ba. Bishara ta Yohanna, sura 5, ta koya mana masu nagarta da masu mugunta duka za su fito, waɗansu zuwa rai, waɗansu zuwa shari'a. Komai nisan jifa, ƙasa zai fāɗo.

Nan ne maganar ta zo ƙofar gidanmu. A watan Nuwamba 2024 Gwamna Uba Sani ya zo Birnin Gwari, aka karɓi tuban waɗansu daga cikin mutanen daji, aka sāke buɗe kasuwar shanu wadda ta yi shekaru a rufe. Mutane suka yi murna, suna da dalili kuwa. Amma ku tuna da gwauruwar da za ta shiga kasuwa sayen gishiri, ta ga wani yana cinikin sa, zuciyarta ta ce mata watakila shi ne. Me za mu ce mata? Me za mu ce wa ɗanta da ya girma yana ajiye abin a ransa?

Ba za mu ce musu abin da ya wuce ya wuce ba, gama a gaban Allah bai wuce ba. Ba za mu hana su neman hakkinsu wurin hukuma ba, gama domin haka aka naɗa hukuma. Abin da za mu ce shi ne kada su ɗauki fansa da hannunsu. Wanda ya tabbata kabari ne ƙarshen kome, dole ya yi gaggawar ramuwa, domin a ganinsa in bai rama yau ba an ci bulus ke nan. Mai bi ya san akwai zaman shari'a a gaba wanda ba mai tsere masa, ba kuwa mai ba da toshi. Saboda haka yana iya sauke kayan nan daga kansa. Akwai kuma abin da ya fi wannan wuya. In mai kisan ya tuba da gaske, ƙofar jinƙai a buɗe ta ke gare shi. Bulus ɗin nan da ya koya mana tashin matattu, shi ne ya tsare tufafin waɗanda suka jajjefe Istifanus. Su biyun za su tashi rana ɗaya, a gefe ɗaya. Wannan magana tana da ɗaci a baki, amma jinƙan nan ne mu ma mu ke dogara gare shi.

Begen tashi kuma ya kan mai da mutum bakin aikinsa. A 1894 wani saurayi mai suna Walter Gowans, ɗaya daga cikin mutum 3 da suka fara aikin S.I.M., ya fāɗa hannun mayaƙan Kontagora masu kamun bayi. Suka sake shi ba lafiya, ya rasu a Girku cikin watan Nuwamba. Abokinsa Thomas Kent ya rasu a Bida a shekarar nan. Ba su ga ekklesiya ko ɗaya da idonsu ba. Shekara 60 bayan haka, a 1954, aka kafa E.C.W.A. daga aikin da suka fara. Wanda ya shuka bai ga girbi ba tukuna, amma zai tashi ya gani.

Domin wannan, 'yan'uwa, ga abin da mu ke roƙon kowace ekklesiya. A rubuta sunayen waɗanda suka ɓace cikin littafin ekklesiya, a riƙa karanta su ran Idin Tashin Ubangiji. A yi wa iyalansu zaman ta'aziyya ko da ba gawa. A yi gayya a nome gonar gwauruwa, ko ta Kirista ce ko ta Musulma, a biya wa marayu kuɗin makaranta. Kada a hana kowa kuka, gama Yesu da kansa ya yi hawaye a kabarin Li'azaru, alhali ya san zai tashe shi.

Allah ya ta'azantar da masu makoki, ya kawo zaman lafiya mai ɗorewa a ƙasar Birnin Gwari, ya riƙe mu cikin bangaskiya har ranar da zai kira kowa da sunansa. Amin.