Suna a Kan Takarda: Amanar Babban Malami ga Ƙarami

A Fulatanci, kalmar modibbo tana nufin malami. Kafin Modibbo Adama ya karɓi tuta daga hannun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kuma kafa Yola a 1841, sai da ya yi yawon neman ilimi har ƙasar Barno, yana durƙuso gaban malamai. A tsarin karatu irin na wancan zamani, almajiri ba ya zama malami sai wanda ya karantar da shi ya ba shi ijaza, wato ya ɗora sunansa a kan karatun almajirin, ya ɗauki alhakinsa duniya da lahira. Jami'ar da aka kafa a Yola a 1981, wadda ke Girei, yau sunan wannan bawan Allah take amsawa. Ya dace ke nan mu da ke Yola da Jimeta mu tambayi kanmu: mene ne nauyin sunan malami a kan aikin ƙaraminsa?

A jami'o'in Nijeriya matakai bakwai ne tsakanin sabon mataimakin malami da farfesa, kuma ba a hawa na sama sai da digiri na uku da yawan maƙalun da mutum ya wallafa. Ga ɗalibai cike da aji, ga takardun jarrabawa jibge, ga albashin da ba ya kai ƙarshen wata. Yajin aikin 2022 kaɗai ya cinye wata takwas. Asusun TETFund, wanda aka kafa a 2011, yana ɗaukar nauyin ƙaro ilimi da bincike, amma kuɗi ba ya koya wa mutum yadda ake tsara tambayar bincike ko tace bayanai. Wannan sai a gaban gwani.

A nan ne jarrabawar take. Ƙaramin malami yakan ga hanya biyu: ya biya mujallar da ba ta tantance komai ta buga masa aiki cikin 'yan kwanaki, ko ya sanya sunan wani babba a kan maƙalar da babban bai ko karanta ba, don neman fada. Wani zai ce larura ce, iyali ba sa cin haƙuri. Ba mu musa matsin ba. Sai dai ramin ƙarya ƙurarre ne. Wanda ya hau da maƙalar banza, gobe shi ne zai duba aikin ɗalibai, kuma ba zai ba su abin da ba ya da shi ba.

A ganinmu, kaso mafi tsoka na alhakin yana wuyan manya, domin na gaba idon na baya ne. Babban da ya karɓi suna a takarda ba tare da ya zauna da ƙarami ya gyara masa layi bayan layi ba, ya ci amana sau biyu: ya ɗauki ladan aikin da bai yi ba, ya kuma hana yaro ƙwarewar da ta zama haƙƙinsa. Mu ƙanana kuwa, namu shi ne mu kai aikinmu inda za a soke shi, mu jure gyara. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.