Ruwan Laka da Iyakar Gaibu

Ƙwaƙwalwa da lakar baya suna zaune ne cikin wani ruwa garai-garai, wato ruwan laka, kimanin mililita 150 a jikin baligi. Tun 1891, da likitan Jamus Heinrich Quincke ya fara zuƙo shi da allura ta gadon baya, likitoci ke neman labarin ƙwaƙwalwa a cikinsa. Hausawa sun fi sanin wannan allura ta dalilin sanƙarau.

Cikin ƙwaƙwalwa akwai ƙwayoyin halitta masu siffar tauraro, astrosait, waɗanda ke ciyar da jijiyoyi, suna kuma taya tsare shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa. Idan suka ji rauni, furotin ɗinsu mai suna GFAP, wanda Lawrence Eng ya bayyana a 1971, yakan malala cikin ruwan laka, har ya kai ga jini. Yana ƙaruwa bayan bugun kai da shanyewar ɓarin jiki. A cutar Alzheimer kuwa, yakan hau a jini tun kafin mantuwa ta fito fili.

Nan tambayar addini take. A Zangon Agege da ke Legas, idan dattijo mai sayar da goro ya fara ɓata lissafin kwando, ko ɗan acaba ya sauya hali bayan faɗuwa, dangi sukan ce iska ce ko sammu, a nemi mai ruƙiyya kafin a tuna da asibitin koyarwa na Ikeja. Gwajin da ke nuna ciwo tun bai bayyana ba kuma yana iya yi wa wani kama da shisshigi cikin gaibu.

Malamai sun raba gaibu biyu. Akwai wanda Allah Ya keɓe wa kansa, irin abubuwa biyar na ƙarshen Suratu Luƙman. Akwai kuma wanda ya ɓuya ga wani, ya bayyana ga mai dalili. GFAP na cikin na biyun: likita kamar mai bin sawu yake, abin da ya riga ya faru a jiki yake karantawa. Sawun ma ba ya faɗin komai da komai. Hauhawar furotin na nuna an ji rauni, amma ba ta ambaton sunan cutar sai an haɗa da hoton ƙwaƙwalwa da tarihin majiyyaci, balle ta faɗi ajali. Ruƙiyya ba ta haramta wannan bincike ba, jinkirta shi ne ke cutar da majiyyaci, musamman wanda jini ke taruwa cikin kansa bayan haɗari.