Ƙafar Baba ta Dama

A waya Auta ya koyi jitar bes. Ya sayi wata tsohuwa mai tsirkiya huɗu a hannun wani ɗan kwayar coci a Nyanya, ya riƙa kwana da ita a ɗakin yayansa da ke Mararaba, yana kwaikwayon makaɗan Amurka na YouTube, masu marin tsirkiya da babban yatsa. Kafin shekara ta zagayo yatsunsa sun yi kanta, sun kuma yi gudu. Abokai suka ce ai ya gama, shi ma bai musa ba.

Ana nan sai mai bes na wata ƙungiyar makaɗan biki ya tafi Jos zaman makoki, ga kuma dinar aure ranar Asabar a Wuse. Aka kira Auta gwaji ranar Alhamis, a bayan wani shago a Garki.

Shugaban tafiyar wani dattijo ne mai ganga, kowa Baba yake ce masa. A Kaduna ya tashi, zamanin da Bala Miller da ƙungiyarsa ke cika wuraren rawa. Da aka ɗauki waƙar farko, Auta ya zazzage duk abin da ya iya. Baba ya ajiye sanduna.

"Ɗana, ina idonka yake?"

"A kan tsirkiya, Baba."

"To ɗauke shi ka sa a ƙafata ta dama. In na taka, ka taka. In ban taka ba, ka jira ni."

Daga nan ya sa shi ya kaɗa tsirkiya mafi kauri ita kaɗai, ya ce ya dafa jikin sifika. Auta ya ji katakon yana rawa har cikin gwiwar hannunsa. Wannan tsirkiya sau 41 kacal take karkaɗawa a daƙiƙa guda, kuma ƙaramar sifikar waya ba ta iya fitar da amo mai zurfi haka. Ashe duk zaman da ya yi, ƙas-ƙas ɗin sama yake ji yana bi, ainihin muryar jitar ba ta taɓa isa kunnensa ba.

Ranar Asabar tun azahar ya fito, don wanda ya san hanyar Nyanya zuwa AYA ba ya wasa da lokaci. Acaɓa kuwa tun 2006 aka hana shi shiga tsakiyar Abuja, saboda haka a tasi ya matsu, jita a tsaye tsakanin ƙafafunsa. Aka gwada kaya zaure babu kowa, komai ya fita tas. Da jama'a suka cika, manyan riguna da leshi suka shanye sautin, sai ya zama da ƙyar yake jin kansa. Tafin hannunsa ya jiƙe sharkaf. Ya kafa wa ƙafar Baba ido, waƙa uku suka wuce lafiya lau.

Sai uwar amarya ta taso da ƙawayenta. Mawaƙi ya bar waƙar da aka shirya, ya shiga wasa ta, yana kiran gidansu da kakanninta na Katsina. Aka fara liƙi. (Dokar Babban Banki ta 2007 ta hana watsa naira a wurin biki, amma wannan zaure bai nuna alamar ya ji labari ba.) A irin wannan gaɓa aikin makaɗa ɗaya ne, su riƙe kiɗa a wuri guda har mawaƙi ya gama da kowa. Haka masu kalangun Mamman Shata suka riƙa yi masa, su dafe kan salo ɗaya shi kuma yana zuba magana. Rabon Auta a nan amo biyu ne rak, ya je ya dawo, kamar mai jan ruwa a rijiya.

Tafiya ta yi nisa, ya fara gundura. Ya ɗaga kai ya ga wayoyi sun yi sama ana ɗaukar bidiyo, zuciya ta ce masa yau ce ranar. Ya saki ƙafar Baba, ya haura can ƙarshen wuyan jita, ya kwararo gudun nan da ya sha wahalar koyo. Kuma gaskiya gudun ya yi kyau, ko kuskure ɗaya babu.

Amma ƙasan kiɗan ya zame. Matan da ke juyi suka rasa inda za su sa ƙafa. Uwar amarya ta tsaya tana gyara ɗaurin kai, ta fara waigen kujerarta, wata hajiya kuma ta mayar da bandir ɗin kuɗi cikin jaka. Mawaƙi ya juyo ya yi masa kallo ɗaya. Baba bai ce uffan ba, sai dai ya ƙara wa takunsa nauyi, dum, dum, har Auta ya ji a ƙirji. Ya sauko da hannu, ya koma kan amonsa biyu. Kafin a zagayo sau huɗu hajiya ta sake buɗe jaka, uwar amarya ta dawo fili da ƙarfinta, aka yi ta yi har aka kira yanka kek.

Bayan an tashi, mutane suka yi ta zuwa gaida mawaƙi, wasu suka jinjina wa Baba. Auta na gefe yana naɗe waya, ransa a jagule. Baba ya ƙirga rabonsa ya miƙa masa.

"Wa ya yi maganarka a cikin mutanen nan?"

"Babu kowa, Baba."

"Madalla. Asabar mai zuwa muna Kubwa, ƙarfe huɗu. Ka zo da wayar jita biyu, wannan taka ta fara tsatsa a baki."