Fushin Mai Keke

Karatu: Fitowa 21:28-29, Yahaya 18:19-23

Wani ɗan'uwa mai sauraronmu ya rubuto mana daga Yamai. Sana'arsa ita ce ɗaukar kayan garka, tumatir da albasa da ganye, daga bakin kogin Isa a Harobanda zuwa kasuwar Katako, kuma a kan keke yake yin wannan aiki. Kowace safiya sai ya haye gadar Kennedy. Duk wanda ya san gadar nan ya san ƙuncinta. Tun 1970 aka buɗe ta, tsawonta mita 710, hannu ɗaya na masu zuwa, ɗaya na masu dawowa. An buɗe gada ta biyu a 2011, ta uku kuma a 2021, amma ita ce hanyarsa mafi kusa zuwa kasuwa.

Ya ce wata safiya mota ta biyo bayansa tana ta oda, shi kuwa ba shi da wurin ratsewa. Direban ya matse shi har madubin motar ya bugi kwandonsa. Ya faɗi, gwiwarsa ta ƙuje, tumatir ya watse a kan kwalta. Direban ya leƙo, ya zage shi, ya yi gaba. Kwana uku ɗan'uwan nan bai iya yin addu'a da natsuwa ba. Abin da ya fi damunsa kuma, a daren ranar ya mari ɗansa saboda yaron ya zubar da ruwa. Daga nan ya yi mana tambaya. Kowa ce masa yake ya yi haƙuri. To, ba haƙurin nan ne yake sa masu mota su ƙara raina masu keke ba? In ya yi shiru, bai taimaki zaluncin ba?

Tambaya ce mai nauyi, bai kamata mu sallame ta da kalmar haƙuri kawai ba. Bari mu bi ta a hankali.

Da farko, ɗan'uwa, fushinka yana da dalili. An zalunce ka, kuma da ranka aka yi wasa. Ƙaramar mota ta kai nauyin kilo 1,000 ko fiye, kekenka kuwa da wuya ya wuce kilo 20. Motar da take gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya. Kafin direba ya ga abu, ya ɗaga ƙafa ya taka birki, ta riga ta cinye wannan tazara. In kuma ya ninka gudunsa, nisan da birki yake bukata kafin motar ta tsaya yakan ninku sau huɗu. Shi yana cikin akwatin ƙarfe, kai kuwa rigarka ce kaɗai tsakaninka da kwalta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa mutane kimanin miliyan 1.19 ne suka mutu a haɗarin hanya a 2021, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. In aka auna da yawan jama'a, nahiyar Afirka ce ta fi kowace hasarar rayuka, ko da yake motocinta ba su da yawa. Saboda haka wanda ya ce maka ai ba kome, ƙujewa ce kawai, bai faɗa maka gaskiya ba.

To, wa ya fi ɗaukar alhaki sa'ad da mai ƙarfi da marar ƙarfi suka haɗu a hanya ɗaya? A zuciyar mutane da yawa amsar ita ce, ƙarami ya kauce. Babbar mota ta kori taksi, taksi ya kori ɗan kabu-kabu, ɗan kabu-kabu ya kori mai keke. Amma shari'ar Musa ta dubi al'amarin ta wani gefe dabam. A Fitowa sura 21 an yi maganar sa mai tunkuyi. In sa ya tunkuyi mutum ya mutu, ba a taɓa sanin sa da wannan hali ba, to, mai san ba shi da laifi. Amma in an san san da tunkuyi, an kuma gargaɗi ubangijinsa, ya ƙi tsare shi, to, jinin yana wuyansa. Shari'ar ba ta tambayi wanda aka tunkuya me ya sa bai yi tsalle ya kauce ba. Mai riƙe da igiyar dabbar aka tambaya. Mota kuwa sa ne wanda kowa ya san yana tunkuyi. Duk wanda ya zauna a bayan sitiyari an riga an gargaɗe shi.

Wasu ƙasashe sun sa wannan gaskiya cikin dokarsu. A Faransa doka ta ce mai mota ya bar tazarar mita ɗaya a cikin gari in zai wuce mai keke, mita ɗaya da rabi kuma a bayan gari. A Birtaniya an gyara ƙa'idojin hanya a 2022, aka rubuta a fili cewa wanda abin hawansa ya fi iya yin ɓarna shi ya fi ɗaukar nauyin kula da sauran. Hankali ma ya yarda da haka. Uban da yake tafiya da ɗansa ƙarami shi yake rage sauri. Ƙarfi amana ne a hannun mai shi, kuma za a tambaye shi yadda ya yi da ita.

Mun yarda ke nan an yi maka laifi. Saura tambaya ta biyu, wadda ta fi wuya: ina za ka kai fushin?

Hanya ta farko ita ce ramuwa. Ka bi motar, ka daki murfinta, ka ɗauki dutse, ka rama zagin. Akan ce ramuwar gayya ta fi gayya zafi, kuma jiki yana son wannan zafin. Amma ka duba. Mutumin da ya matse ka a kan gada saboda ka ɓata masa daƙiƙa biyar, me zai yi in ka fasa masa gilashi? Har yanzu shi ne mai kilo 1,000. Gaskiyarka ba za ta gyara maka ƙashi ba, kuma ba za ta ciyar da 'ya'yanka ba in ka kwanta a gadon asibiti. Banda wannan, a lokacin da ka ɗaga dutsen nan ka karɓi ra'ayin direban, wato wanda ya fi iya cutarwa shi ne mai hanya. Ya kayar da kai a kan kwalta, sa'an nan ka ba shi dama ya kayar da kai a zuciya.

Hanya ta biyu ita ce haɗiyewa. Ka tashi, ka kakkaɓe riga, ka ce ba kome, alhali kuwa akwai kome. Mutane da yawa wannan suke kira haƙuri. Amma fushin da aka haɗiye ba ya narkewa, yakan nemi ƙofa. Hausawa sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Ɗan'uwanmu ya gane wannan da kansa, gama marin da ya so ya kai wa direba a fuskar yaro ya sauka. A nan ne ya kamata kowannenmu ya binciki kansa. Mai keken da mota ta matse da safe, shi ne da yamma yake kaɗa ƙararrawa a bayan tsohuwa mai ɗauke da itace, yana mata tsawa ta ba shi wuri. Kowa yana da wanda ya fi ƙarfi. A gidanka kai ne babbar mota.

Akwai hanya ta uku, ita ce muka gani a karatunmu na biyu. Sa'ad da ake tuhumar Yesu a gaban babban firist, wani dogari ya mare shi. Bai rama ba, bai kuma yi shiru ba. Ya nemi a nuna laifin da yake cikin maganarsa, in kuwa babu, a faɗi dalilin dukan. Haka Bulus da Sila a Filibi, cikin Ayyukan Manzanni sura 16. An yi musu bulala, an kulle su ba tare da shari'a ba. Ba su cuci mai gadin kurkukun ba, har ma Bulus ya hana shi kashe kansa. Amma da gari ya waye aka aiko a sake su a ɓoye, Bulus ya ƙi. Ya ce sai mahukuntan sun zo da kansu sun fitar da su, kuma suka zo. Ka ga, mutum yana iya barin ramuwa ba tare da ya bar gaskiya ba. Haƙuri na gaske shi ne ka riƙe hannunka da harshenka daga mugunta, kana kuma kiran zalunci da sunansa, kana neman a gyara.

Wani zai ce, wannan magana ce mai daɗi, amma me ta taɓa canzawa a kan hanya? Bari mu dubi ƙasar Holan, wadda yau duniya ta san ta da kekuna. Ba haka take ba a dā. A 1971 mutane fiye da 3,000 suka mutu a hanyoyinta, fiye da 400 daga cikinsu yara ne. Ɗaya daga cikin yaran 'yar wani ɗan jarida ce mai suna Vic Langenhoff, mota ta buge ta. Uban ya zuba baƙin cikinsa a rubutu, ya yi kira a daina kisan yara. Iyaye suka taru a kan wannan kira. Suka tare tituna domin yara su yi wasa, suka yi ta zuwa wurin hukuma shekara da shekaru. Sannu a hankali aka gina wa kekuna hanyoyinsu dabam, aka rage gudun motoci a unguwanni. A shari'arsu yanzu, in mota ta buge yaro ɗan ƙasa da shekara 14, a ƙa'ida ɓangaren mai motar ne yake biyan diyya duka, ko da yaron ne ya yi kuskure. A shekarun baya-bayan nan masu mutuwa a hanyoyin Holan ba su kai 800 a shekara ba, ga shi kuwa motoci sun ƙaru. Iyayen nan sun yi fushi ƙwarai, amma sun kai fushin inda zai haifi rai. Da sun ɗauki duwatsu, da 'yan gilasai kawai suka fasa.

To, me ɗan'uwanmu zai yi gobe da safe? Ya fara da gida. Ya kira ɗansa ya roƙe shi gafara, gama wannan bashin nasa ne, ba na direba ba. Sa'an nan ya kiyaye ransa, domin ran ma amana ne. Ya gyara birki, ya sa fitila da abin da yake ƙyalli a bayan keken, ya bi hannunsa. Kada ya tsaya a gefen dama na babbar mota a mararraba, gama daga inda direban yake zaune sau da yawa ba ya ganin abin da yake wurin. In an sake matse shi, ya riƙe lambar motar ya kai wa 'yan sanda, ko da yana ganin ba za a yi kome ba. Ya kuma nemi 'yan'uwansa masu keke, su je tare wurin mai unguwa, da shugabannin direbobi a tasha, da ma'aikatar magajin gari, su faɗi wuraren da ake yawan buge mutane. Muryar mutum ɗaya iska takan ɗauke ta, ta mutum hamsin kuwa akan tsaya a ji.

Game da direban fa? Ba mu san abin da yake koransa ba. Mai yiwuwa kuɗin da zai kai wa mai motar da yamma ne bai cika ba, mai yiwuwa kuma girman kai ne kawai. Ko wanne ne, bai wanke shi ba. Amma shi ma mutum ne, yana da waɗanda suke jiransa a gida, kuma in wata rana ya kashe mai keke zai ɗauki wannan kaya har kabarinsa. Gafarta masa ba ta nufin ka ce abin da ya yi daidai ne. Tana nufin ka sauke shi daga wuyanka, ka bar hukuncinsa ga hukuma da kuma Allah. Shi ya wuce tun ranar, wataƙila ma ya manta. Kai ne kake ta goyon sa a bayan kekenka kwana uku, alhali kwandon tumatir ma ya ishe ka nauyi.

Kai kuma mai karatu da Allah ya ba mota, ko taka ko ta aiki, wannan magana taka ce fiye da ta kowa. Mutumin da yake gabanka yana tuƙa keke a hankali, da buhu a baya, uban wani ne, ko ɗan wata. Jiran da za ka yi a bayansa har hanya ta buɗe bai kai minti ɗaya ba. Sauri ya haifi nawa. Ba a sanin halin mutum a wurin sujada kaɗai, inda kowa yake sunkuyar da kai. Akan san shi a inda yake da iko ya tsorata wani, ba kuwa mai hana shi, amma ya taka birki.

Abin tunani: Wa na fi ƙarfi a hanya, a gida, ko a wurin aiki? Yaya yake ji in ya ga na nufo shi?

Addu'a: Ya Ubangiji, kai ne mai iko duka, kana kuwa bi da mu a hankali. Ka kiyaye masu keke da masu tafiya a ƙasa yau. Ka ba direbobi zuciya mai ganin darajar rai. Sa'ad da aka zalunce mu, ka tsare hannunmu daga ramuwa, ka ba bakinmu ƙarfin faɗar gaskiya, kada kuma mu sauke fushinmu a kan waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Amin.