Amanar Baitulmali: Shin Tsoron Allah Kaɗai Ya Isa?

Manomin dankalin turawa a Bonkuku, cikin Dallol Boso, ba ruwansa da takardun kasafin kuɗin da ake rubutawa a Yamai. Amma yana gane inda kuɗin suka maƙale in ya kai yaro likita aka ce magani ya ƙare, ko in malamin kwantaragi ya rufe aji saboda albashi ya yi jinkiri. Tun 2006 gwamnatin Shugaba Tandja ta ce kula da lafiyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta ne, sai dai ɗakunan shan magani sun sha jiran kuɗin da gwamnati ta yi alkawarin maido musu.

Wa ke da hurumin tambaya? Wasu na cewa a samu shugaba mai tsoron Allah, shi ke nan, tunda hisabi na Lahira ne. Wannan magana tana da daɗin ji, amma tarihin Musulunci bai goya mata baya ba. Annabi (SAW) da kansa ya binciki Ibnul Lutbiyya, sahabin da ya aika karɓar zakka, ya kuma hana shi riƙe abin da ya kira kyauta. Sayyidina Umar kuwa yakan rubuta dukiyar gwamna kafin ya kama aiki, domin a gwada daga baya. Ba a ce mutanen nan marasa imani ba ne, an dai bincike su.

Nijar ta taɓa ganin majalisar dokoki ta yi irin wannan aiki. A 2006 badaƙalar MEBA ta fito fili: kuɗin ilimin firamare, har da na ƙasashe masu ba da tallafi, sun bi ta wata hanya. 'Yan majalisa suka ba da damar gurfanar da tsoffin ministocin ilimi biyu, sannan ranar 31 ga Mayun 2007 suka kayar da gwamnatin Firaminista Hama Amadou da ƙuri'ar yanke ƙauna. Akwai siyasa a ciki, ba shakka, kowa da gaɓar da yake son sara. Duk da haka an ga babba ya tsaya ya amsa tambaya a kan kuɗin allo da littafi.

Abin lura, biyu daga cikin hafsoshin da suka rufe majalisar daga yankin Filinge, inda Bonkuku yake, suka fito: Seyni Kountché a 1974, da zargin an yi sama da faɗi da abincin agajin fari, sai Janar Abdourahamane Tiani a Yulin 2023. Dukansu sun yi alkawarin tsare dukiyar talaka, Tiani ma ya kafa hukumar COLDEFF domin ƙwato kuɗin da aka wawure. Sai dai a Afrilun 2024 an rusa zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa masu riƙo. Mutumin Imanan ko na Kurfai, a yankin na Filinge, da ke son sanin inda kuɗin ajin ɗansa suka tsaya, yanzu sai ya tambayi jami'in da aka naɗo daga Yamai, wanda shi talakan ba shi da ikon cirewa.