Ɗana, Kula da Ruwan da Kake Jiƙa Ƙasa da Shi

Ɗana, kai da ka fara aikin gwajin ƙasa, na san ba ka da niyyar cutar da manomi, shi ya sa nake so ka riƙa tsayawa a kan ruwan da kake jiƙa ƙasa da shi kafin na'ura ta ba ka lambar tsaminta, wato pH. Ƙasar gona ɗaya, in ka jiƙa ta da tataccen ruwa ta nuna 6.0, to a ruwan gishirin CaCl2 mai ƙarfin 0.01 M, wanda Schofield da Taylor suka kawo a 1955, za ka gan ta wajen 5.5, a KCl mai ƙarfin 1 M kuwa tana iya gangarowa kusa da 5.0. Gishirin ne ke tumɓuke haidurojin da alminiyam ɗin da ke manne da yumɓu ya sako su cikin ruwa, kuma yawanci iya ƙarfinsa iya abin da zai sako.

Ka ga ke nan ko gishirin da ke cikin ƙasar kanta yana da ta cewa. Da rani ya taru, musamman a gonakin ban ruwa da aka zuba wa taki, da damina ruwa ya wanke shi, sai awon tataccen ruwa ya riƙa hawa da sauka alhali gonar tana nan yadda take. Hikimar 0.01 M ɗin nan ita ce danne wannan bambanci, don haka in za ka haɗa shi, auna gishirin da haƙuri, kada gaggawar tashi daga aiki ta sa ka yi kintace.

Haka batun fosfet yake, kuma shi ya fi damuna, domin ƙasarmu ta savana tana fama da ƙarancinsa. A yawancin ƙasa, in ruwan gwaji ya ƙara ƙarfin gishiri, balle mai kalsiyam, ƙasar takan ƙara riƙe fosfet, sai ka zaci ta fi yadda take rowa. Wajen auna fosfet, hanyar Bray ta 1945 an yi ta ne don ƙasa mai tsami, ta Olsen ta 1954 don mai farar ƙasa a ciki, kuma lambobinsu ba mudu ɗaya ba ne.

Saboda haka, ɗana, kowace lamba ka rubuta, rubuta ruwan da ƙarfinsa da yawan ƙasar a gefenta. Da takardar da ka rubuta malamin gona zai ce wa mai masara ya sayi farar ƙasa ko takin sufa, shi kuwa hatsin rumbunsa zai sayar ya biya.