Alhakin Abin Da Aka Zuba A Ƙasa

Bara da kaka waɗansu maƙwabta biyu suka kawo ƙara gaban hakimin da na ke yi wa aiki, ina zaune gefe da alƙalami, gama aikina ke nan, rubuta abin da aka faɗa. Ɗaya manomin rake ne, ɗayan kuwa sana'arsa sayen matattun batura na mota da na lantarkin rana. Katanga ɗaya ce ta raba su. Manomin ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, yau shekara shida ke nan wannan bawan Allah yana fasa batura a gindin katangata, yana tsiyaye ruwansu a ƙasa, yana narka dalmar ciki a tukunya. Rijiyata kuwa taku goma ce daga wurin."

Mai batura ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a filina na zuba, ban zuba a nasa ba. A ɗebo ruwan rijiyar a gani. In an ga wani abu a ciki, na yarda in biya."

Aka aiki yaro ya ɗebo a kwano. Ga ruwa garau, har ana ganin gindin kwanon. Dattawa biyu suka kurɓa, suka ce su dai ba su ji kome ba.

Tun ran nan maganar ta tsaya mini a rai. Kowa ya san haƙƙin maƙwabci cikin abin da ido ke gani. In akuyarka ta ci dawar wani, ka biya. In indararonka na zuba a gidan wani, ka juya shi. To, ɓarnar da ta bi ta ƙarƙashin ƙasa fa, wadda ba ta da launi, ba ta da wari, wanda ya yi ta ma bai san ya yi ba? Akwai alhaki a kansa ko babu? In kuwa akwai, wa zai gyara?

Kada mai karatu ya ce wannan gardamar zaure ce kawai. An riga an biya ta da rayuka a ƙasar Zamfara. A farkon 2010 yara ƙanana suka yi ta mutuwa a 'Yar Galma ta ƙasar Bukkuyum da Dareta ta ƙasar Anka. Yaro sai ya kama amai da ciwon ciki, sa'an nan jijjiga, sai rai ya yi halinsa. Da fari aka zaci sanƙarau ne ko zazzaɓin cizon sauro, aka ba da magani, a banza. Sai da likitocin ƙungiyar nan ta MSF suka aika da jinin yaran aka auna, kana aka gane gubar dalma ce. Ashe duwatsun zinariya da maza ke haƙowa daga daji cike su ke da dalma, dangin dutsen nan da a ke yin kwalli da shi. Ana kawo su cikin gida, a daka a turmi, a niƙa a inji irin na niƙan hatsi, a shanya a tsakar gida. Ƙurar ta bi ɗakuna, ta faɗa rijiyoyi da kududdufai, yara masu rarrafe kuwa hannu a ƙasa, hannu a baki. Masu binciken da suka zaga gida gida a garuruwan nan biyu sun iske cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun mutu cikin shekara guda, watau ɗaya cikin huɗu. A jihar duka an ƙiyasta yara wajen 400 ne suka mutu. Tun kafin haka agwagin garuruwan suka fara ƙarewa, ba wanda ya kawo kome a ransa.

Mu kan ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. A nan kam ido bai san kome ba. Ƙasar tsakar gidan da ta kashe yaro da wadda ba ta da illa kamarsu ɗaya. Sai da ma'aikata suka zo da wata 'yar na'ura ta riƙewa a hannu, a ɗora bakinta bisa ƙasa ta nuna yawan dalmar da ke wurin. A lokacin nan hukumar Amurka ta ƙayyade kada dalma ta wuce kashi 400 cikin miliyan a inda yara ke wasa. A waɗansu wurare na Zamfara an sami fiye da 100,000, watau awo ɗaya cikin goma na ƙasar dalma ce.

Gyaran kuwa ba wani abin al'ajabi ba ne, aikin fartanya ne da shebur. A fitar da kayan gida a wanke, a kankare saman ƙasa kamar inci biyu, a sake aunawa, in da saura a ƙara kankarewa. A kwashe ƙasar a buhuna a kai wani babban rami bayan gari a binne, sa'an nan a kawo sabuwar ƙasa wadda aka auna a shimfiɗa. Daga 2010 zuwa 2013 an yi haka a gidaje da wuraren niƙa 820 cikin garuruwa takwas, mutanen garin su ne leburorin, ma'aikatan jiha da na wani kamfanin Amurka mai suna TerraGraphics suna nuna musu. Likitoci kuwa suka ce magani ba ya amfani sai an gyara gida tukuna, domin in an tsame dalma daga jinin yaro ya koma tsakar gidan da ya ɗebo ta, an yi aikin baban giwa. Abin da dalma ta riga ta ɓata a ƙwaƙwalwa kuma, magani ba ya mayar da shi.

To, iyayen nan masu laifi ne? Ni dai ba zan iya cewa haka ba. Mutum ya ga abin da zai fid da iyalinsa daga yunwa, ya kawo gida don matarsa ma ta sami na niƙa, bai san mutuwa ya ɗauko ba. Amma tun muna makarantar allo muka ji malamanmu na fiƙihu suna rarrabe zunubi da ramuwa. Wanda ya fasa tulun wani bisa kuskure ba shi da zunubi, tulu kuwa sai ya biya. Rashin sani yana kare mutum daga zargi, ba ya ɗauke masa bashi. Har wa yau sun koya mana cewa diyyar kisan kuskure ba a kan mutum ɗaya a ke ɗora ta ba, danginsa ke haɗuwa su biya, don ta fi ƙarfin mutum guda. A ganina haka ya kamata a dubi ɓarnar ƙasa. Dangin mai ɓarna a nan su ne duk waɗanda suka ci ribar sana'arsa: dillalin da ya sayi zinariyar da araha bai tambayi inda aka niƙa ta ba, da hukumar da ke da ikon ma'adinai, da mu duka da mu ke sayar wa mai batura mataccen batirinmu mu karɓi kuɗi mu juya baya. Ni kaina na sayar masa sau biyu. Manomin da ya kawo ƙara ma, da aka tambaye shi, ya amsa ya taɓa sayar masa da na babur ɗinsa.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne a sani sa'an nan a yi jinkiri. Bagega ita ce babba cikin garuruwan nan takwas, an kuwa san halin da ta ke ciki tun ana gyaran sauran. Amma kuɗin da gwamnatin tarayya ta yi alkawari ba su fito ba sai a watan Janairu na 2013, yara suna ta jiran magani ba hali. Wanda ya niƙa dutse a 2009 yana da uzuri. Wanda takardar awo ta kwana a teburinsa ba shi da ko ɗaya, mu akawuna kuwa mun fi kowa sanin yadda takarda ke kwana. Bayan duk wannan, a 2015 abin ya sake aukuwa a Shikira ta jihar Neja, yara 28 suka mutu.

Mu nan Ikara da Makarfi da Kudan noma ne arzikinmu, rake da tumatir da barkono da masara, amma ba mu tsira ba. Rijiyoyinmu ba su da zurfi, da damina ruwa kan taso har guga ta taɓa shi da gajeriyar igiya. Duk abin da aka zuba a sama yana da hanyar sauka. Dalma ita mai nawa ce, ta kan daɗe a saman ƙasa, shi ya sa fartanya ke cim mata, ko da ya ke ruwan batir mai tsami ya kan sa ta ƙara nitsewa. Gishirin takin zamani da najasar masai kuwa tare da ruwa su ke tafiya. Don haka ne ma'aikatan tsabta ke cewa a bar mita 30 tsakanin masai da rijiya, wajen taku arba'in na babban mutum. Gida nawa ne cikin gari ke da wannan fili? Ga kuma masu wanke injin feshi a bakin rijiyar fadama, da masu gyaran mota da ke zubar da baƙin mai a rami. Ƙasa dai ana iya kankare ta. Ruwan da ke ƙarƙashi ba ya kankaruwa. A ƙasashe masu arziki su kan kafa injuna su yi ta zuƙo shi suna tacewa shekara da shekaru, ba lalle kuma ya koma yadda ya ke da ba. Mu abin da mu kan iya shi ne rufe rijiyar a haƙa wata. A kuma lura, tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya fid da dalma ko gishirin taki. Tururi ne ke tashi, su suna nan cikin tukunya.

Akwai ɗakunan awo a Zariya, a Jami'ar Ahmadu Bello, tafiyar kuwa ba ta kai wuni ba. Abin da na lura shi ne mutane da yawa ba kuɗin awon kaɗai su ke gudu ba, amsar su ke tsoro. Mai sana'a yana tsoron a tashe shi, mai gida yana tsoron filinsa ya faɗi daraja, mai unguwa ba ya son a ce unguwarsa ce mai guba. Na fahimci tsoron, gama ba a raba mutum da abincinsa da baki kawai. A Zamfara ma hani bai tsai da haƙar zinariya ba, har waɗansu gidajen da aka gyara suka sake ɓaci. Abin da ya yi amfani shi ne fid da niƙa bayan gari, da jiƙa dutse don ƙura ta kwanta, da wanka da sake tufafi kafin a shiga gida. Amma wanda aka ce masa ga inda za a auna, ya ƙi don kada ya sani, ban ga yadda zai sake fakewa da rashin sani ba.

Hakimi dai ya yanke cewa mai batura ya mai da aikinsa bayan gari, a kange gindin katangar da ƙaya kada yara su yi wasa a wurin, gidan manomi su riƙa ɗebo ruwan sha a famfon unguwa, a kuma kai ƙasa da ruwa Zariya a auna. Da aka zo kan kuɗin awo, mai batura ya ce ai ba a ga kome a kwano ba, manomi ya ce ai ba shi ya zuba ba. Daga ƙarshe aka raba uku, hakimi ya ɗauki kashi ɗaya daga aljihunsa. Na rubuta duka a littafi, na bar fili a ƙasan shafin don wanda zai biya kuɗin kwashe ƙasa in amsa ta zo da abin da mu ke gudu, don wannan ba a yanke shi ba ran nan.